Tsagar Silin Gashi A Jikin Jirgin Faiba

Bayan hatsarin jirgin ruwa na Wara a Jihar Kebbi cikin 2021, da na Patigi a Jihar Kwara cikin 2023, inda mutane fiye da 100 suka halaka, hukumomi sun yi ta kiran masu fito da su bar jiragen katako su koma na faiba. Kira ne mai kyau, amma ya kamata jama'a su sani shi ma jirgin faiba yana bukatar kulawa, kuma lalacewarsa takan fara ne daga 'yar tsaga wadda ba ta fi silin gashi ba.

Jikin jirgin nan hawa biyu ne. Daga ciki akwai zaren gilashi da aka jiƙa da wani irin ƙaro mai suna rezin, nan ƙarfin jirgi yake. Daga waje kuwa akwai fata mai sheƙi da ake kira jelkot, kaurinta wajen rabin milimita, ita ce ke hana ruwa taɓa zaren. To, zaren yana iya lanƙwasawa ya dawo daidai, amma fatar ba ta da wannan haƙuri, sai ta tsage.

Kafin gyara, wajibi ne a gane sanadin tsagar. Wadda ta bazu kamar saƙar gizo-gizo daga wuri guda, alama ce an bugi dutse ko kututture. Wadda ta jeru layi-layi, musamman a bayan jirgi inda ake ɗaura inji, tana nuna wurin yana motsi fiye da kima. Sai a ƙwanƙwasa kewayen da kwabo. In ƙarar ta fito tsaf, ciwon a fata ya tsaya. In ta fito a dushe, zaren ya rabu ko ya sha ruwa, wannan kuwa aikin gwani ne, kada jirgin ya sake ɗaukar fasinja sai an gyara. Yawancin jiragen suna da katako a ɓoye cikin allon bayan nan, in ruwa ya kai gare shi sai ya ruɓe ba wanda ya sani.

Kuskuren da aka fi yi shi ne shafa fenti a kan tsagar. Fenti ba ya shiga ciki, ba da jimawa ba za ta sake fitowa. Abin da ya dace, a fid da jirgin tudu ya bushe sarai. A sa tsinin ƙarfe a buɗe tsagar ta zama ɗan kwari, a goge da asiton. Daga nan a dama jelkot mai launin jirgin da maganin daskarewarsa, kamar kashi 2 cikin 100, kaɗan-kaɗan, domin a zafin ƙasarmu nan da nan yake sandarewa. A cika kwarin har ya ɗan yi tozo, a rufe da leda, gama iska tana hana samansa bushewa. In ya ƙanƙare sai a bi shi da samfefa da ruwa, daga mai lamba 400 zuwa 1200, sannan a goge ya yi sheƙi. A kiyaye ido da hannu, don maganin daskarewar nan yana ƙuna, yana kuma iya makantarwa.

Saboda haka ya kamata sarakunan ruwa da ƙungiyoyin matuƙa su mai da duba jikin jirgi al'ada, ita kuma hukumar NIWA da ke Lakwaja ta sa a koya wa matasan bakin kogi wannan sana'a. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A kan kogi kuwa, abin da ke shiga ruwa ne, a cikin jirgin kuma rayukan bayin Allah ne. Allah Ya kiyaye, amin.