Yabon Ɗalibi Ba Shi Ne Fahimta Ba

Jama'a, Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Malamin aji idan ya gama bayani yakan ɗaga kai ya dubi yaransa, nan take ya gane wanda ya fahimta da wanda aka bari a baya. To, yaya malamin da ke koyarwa ta bidiyo zai yi, alhali ba ya ganin fuskar kowa?

Tun da aka kafa YouTube a 2005 darussan bidiyo suke ta yawaita, balle a 2020 da annobar korona ta sa aka rufe makarantu. Saboda haka masana suka koya wa kwamfuta karanta abin da ɗalibai ke faɗi game da darasi, ta kasa shi kashi uku: yabo, kushe da tsaka-tsaki. Harshenmu ma ba a bar shi a baya ba, domin a 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa sun fito da NaijaSenti, wato tarin saƙonnin Twitter cikin Hausa, Yarbanci, Ibo da Turancin Buroka, waɗanda mutane suka tantance don horar da na'ura. Wannan aiki abin a yaba ne.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Derek Muller, wanda ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Sidni ta ƙasar Ostareliya a 2008, ya gwada ɗaliban kimiyya da bidiyo iri-iri. Waɗanda aka yi wa bayani sumul sun ce darasi ya yi daɗi, suka tashi da tabbacin sun iya, amma da aka jarraba su abin da suka ƙaru da shi kaɗan ne. Waɗanda aka fara nuna wa kurakuran da mutane suka saba yi sannan aka warware, sun koka cewa an rikita su, sai ga shi su ne suka fi ci.

Ga kuma halinmu na kunya da kawaici. Yaron da aka yi wa tarbiyya ba zai ce wa malami bai iya bayani ba, sai dai ya ce Allah ya ƙara basira, na'ura kuwa ta lissafa wannan cikin yabo. Haka nan mai gatse idan ya ce lalle ka yi ƙoƙari, tana iya ɗauka da gaske yake.

Shawarata ga malamai ita ce kada yawan yabo ya ruɗe su. Su sa na'urar ta tsamo musu tambayoyi da wuraren da ɗalibai suka ce sun ɓace, sannan su biyo kowane darasi da ɗan gwaji. Ku kuma ɗalibai, matambayi ba ya ɓata. Wanda ya ce bai gane ba ya taimaki malaminsa fiye da mutum ɗari masu tafi.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani. Sai mako mai zuwa.