HARAJIN DA YA ƘI MUTUWA

Jama'a, ku kasa kunne ku ji labarin wata gada ta ƙasar Ingila, domin abin da a ke yi wa masu haye ta ya isa a tsaya a duba. Duk harajin da Gwamnati ta ce na ɗan lokaci ne, to, talaka ya shirya biyansa har jikokinsa. Waɗansu za su ce ƙiyayya ce ta sa mu ke faɗin haka. To, ga shaida daga ƙasar da ta ke alfahari da bin doka da cika alkawari, kowa ya auna da hankalinsa.

Gabas da birnin Landan, inda kogin Thames ya buɗe ya nufi teku, akwai wani mahayi da a ke kira Dartford, tsakanin lardin Kent a kudu da lardin Essex a arewa. Daga nan har bakin teku babu wata hanya da mota za ta bi ta ƙetare kogin. A 1963 aka buɗe hanya ta farko ta ƙarƙashin ruwa, a na karɓar sule 2 da sisi a kan ƙaramar mota. A 1980 aka ƙara ta biyu. Da motoci suka yi yawa, sai Majalisa ta yi doka a 1988, ta ba wani kamfani iznin ya gina gada da kuɗinsa, ya riƙa karɓar kuɗin fito har ya mai da abin da ya kashe. Sharaɗi kuwa a rubuce ya ke: ba za a wuce shekara 20 ba, in kuma bashin ya biya kafin nan, karɓa ta ƙare ke nan. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe gadar ran 30 ga Oktoba 1991, aka sa mata sunanta. Masu zuwa kudu su na bi ta kan gada, masu zuwa arewa su na bi ta ƙarƙashin ruwa, kowa kuwa ya na biya.

Masu motoci sun cika nasu alkawari. Safe da yamma su na miƙa kuɗi ta taga, har bashin ya biya kaf tun wa'adi bai yi kusa ba. Ran 31 ga Maris 2003 yarjejeniyar kamfani ta ƙare. Washegari fa? Washegari aka karɓi fam 1 a hannun kowane mai ƙaramar mota, daidai da yadda aka karɓa jiya. Ashe tun shekarar 2000 Gwamnatin Leba ta Tony Blair ta riga ta tanadi wata doka da ta ba ta ikon sa kuɗi a kan hanya wai don rage cunkoso. Jiya sunansa kuɗin gini, yau sunansa kuɗin cunkoso. An sake wa tuwo suna, amma aljihun da a ke zarar kuɗin bai sake ba.

Daga nan sai hawa. A 2008 ya zama fam 1 da kwabo 50. A 2012 ya zama fam 2. A 2014 ya zama fam 2 da kwabo 50. Ran 1 ga Satumba 2025 ya zama fam 3 da kwabo 50, watau ƙarin kashi 40 cikin 100 a dare ɗaya. Ku lura da kyau, ƙarin 2008 da na 2025 Gwamnatin Leba ce ta yi su, na 2012 da na 2014 kuwa a zamanin David Cameron na Konsabatib aka yi su. A Majalisa su na zage-zage kamar ba za su kwana gari ɗaya ba, amma in an zo gindin gada ƙwarya ɗaya su ke sha.

Hujjarsu ita ce cunkoso. Sun ce an gina mahayin domin mota 135,000 a rana, yanzu kuwa abin da ke bi ya haura 150,000, saboda haka dole a tsauwala kuɗi don mutane su rage bi. Mu na tambaya, su rage su bi ta ina? Mutumin da gidansa ke Essex, aikinsa ke Kent, ya yi iyo ne? An ce daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe kyauta ne. Madalla. Amma wane ma'aikaci ne ke zaɓar wa kansa lokacin tashi daga aiki? Shekara 22 a na shan wannan magani, ciwo kullum sai ƙaruwa ya ke yi, likita kuwa bai ce a sake magani ba, sai dai ya ce a ƙara masa kuɗi.

Mu yi lissafi. Ma'aikacin da ya buɗe asusu ya zuba kuɗi tun da wuri a na rage masa, ya na biyan fam 2 da kwabo 80 kowace hayewa. Zuwa da dawowa, kwana 5 a mako, fam 28 ke nan. In ya yi aiki mako 48 a shekara, ya ba da fam 1,344 a kan gadar da aka gama biyan kuɗinta tun 2003. Mazauna Dartford da Thurrock kaɗai aka yi wa rangwame, su na biyan fam 25 a shekara. Wanda gidansa ya gota iyakar garuruwan nan biyu ko da taku goma ne, sai ya biya cikakke.

Yanzu mu zo kan babbar magana. Ran 30 ga Nuwamba 2014 aka daina karɓar kuɗi a hannu, aka rushe rumfunan masu karɓa, aka kafa na'urorin ɗaukar hoto a sama. Tsarin sunansa Dart Charge. Mota ta wuce a guje, na'ura ta karanta lambarta, shi ke nan an rubuta maka bashi. Sai ka biya ta intanet, ko ta waya, ko a wasu kantuna da aka keɓe, kuma wa'adinka shi ne tsakar daren washegari. Ba za mu ƙi gaskiya ba, layin da a ke yi a bakin shinge ya ragu, wannan kowa ya gani. Amma a duba abin da aka saya da abin da aka sayar.

Dā can, mai fito ya na tsaye a gabanka. Ka gan shi, ya gan ka, ya faɗi kuɗinsa, ka biya, kun rabu lafiya. Ba mai kwana da bashin da bai san da shi ba. Yanzu an ɗauke wannan nauyi daga kan mai karɓa an ɗora shi a kan mai biya. Kai ne za ka san akwai kuɗi, kai ne za ka nemo inda a ke biya, kai ne za ka tuna da wa'adi, kai ne kuma za a ci tara in ka manta. Gwamnati ta sallami malaman karɓa ta mai da kowane direba malaminta, ba ko albashi.

A ɗauki baƙo. Ya sauka daga jirgin sama, ya ɗauki motar haya, ya hau babbar hanyar M25 da ta kewaye Landan. Ga tuƙi a hannun da wataƙila bai saba da shi ba, ga manyan motoci dama da hauni, ga gudu. A cikin wannan hali a ke so ya karanta allo ya fahimta. Allon kuwa ya na ɗauke da harafin C cikin jan da'ira, alama iri ɗaya da ta kuɗin shiga tsakiyar Landan, alhali kuɗaɗen biyu ba abin da ya gama su, hukumominsu ma dabam ne. Baƙo ya wuce, bai ga shinge ba, bai ga mai karɓa ba, ba wanda ya ɗaga masa hannu. Me zai hana shi zaton gadar kyauta ce? Ai baƙo makaho ne ko da ya na da ido.

Sa'an nan sai takarda ta biyo baya. Tarar fam 70 ce, watau ninki 20 na kuɗin fiton. In ka biya cikin kwana 14 a rage maka zuwa fam 35. In ka wuce kwana 28 ta koma fam 105, ninki 30 ke nan, kuma duk da haka sai ka biya ainihin kuɗin hayewar. Lokacin da aka fara tsarin sun ce mai kuskuren farko za a ba shi kwana 14 ya biya ba tara. To, amma takardar ba hannun baƙo ta ke zuwa ba, wurin kamfanin da ya ba shi hayar mota ta ke zuwa, su kuwa su kan ɗora nasu ladan wahala su zare daga katinsa. Sai mutum ya koma garinsu da makonni sa'an nan ya ga an yi masa aski bai ji reza ba. Wanda ya yi ƙoƙarin biya ma bai tsira ba, gama 'yan damfara sun sha buɗe shafuna a intanet masu kama da na hukuma, su na karɓar fiye da ƙima. Wanda ya ƙi biya da gangan a hukunta shi, ba mu hana ba. Amma mantuwar yini guda a ci mutum ninki 20? Wane alƙali ne zai yanke haka ya yi barci?

Kada wani ya ce baƙi kaɗai abin ke ci. A ƙarshen Yuli 2023 aka sake kamfanin da ke riƙe da asusun biya, aka ce kowa ya koma ya sake tabbatar da katinsa. Shafin hukuma ya cushe, mutane suka yi ta jiran layi a intanet, har dole aka ƙara wa'adi. Waɗanda saƙon bai kai gare su ba suka ci gaba da hayewa su na zaton a na cire kuɗinsu kamar kullum, sai tara ta riske su. An kawar da layi daga bakin gada, an kai shi cikin ɗakin mutum.

Me ya sa Gwamnatoci ke ƙaunar wannan tsari? Domin harajin da hannu ya miƙa ya na da zafi, wanda aka zare daga asusu kuwa ba a jin fitarsa. Ma'aikacin da ke ƙirga kwabbai a tafin hannunsa sau biyu a rana ba ya manta alkawarin 1988. Wanda na'ura ke yagar nasa a ɓoye sai ya manta ma akwai wani alkawari. Ku duba, a zamanin rumfuna kwabo 50 a ke ƙarawa, da tsoro-tsoro. A 2025 fam guda cur aka ɗora, gama babu sauran taga da direba zai leƙa ya yi wa wani tsawa. Sun ce ai shekara 11 ba a yi ƙari ba. Mu kuwa mun ce shekara 22 ke nan da ya kamata a daina karɓa.

Abin kuma ya na yaɗuwa, domin rumfa ta na bukatar fili, na'ura kuwa ƙarfe ɗaya ya ishe ta. Hanyar ƙarƙashin ruwa ta Blackwall a cikin Landan, wadda a ke bi kyauta tun 1897, ran 7 ga Afrilu 2025 aka sa mata kuɗi. Ita hukumarta dabam, asusunta dabam, wa'adinta dabam, tararta kuwa fam 180. Kogi ɗaya, dokoki biyu, baƙo ya haddace su duka ko ya biya.

In an ce ba ya yiwuwa a soke, ƙarya ne. A Fabrairu 2008 Gwamnatin Sikotland ta soke kuɗin gadojin Forth da Tay. Ran 17 ga Disamba 2018 aka soke na gadojin Severn da suka haɗa Ingila da Wales. Gadojin nan ba su rushe ba, su na nan a na bi. Inda jama'a suka tsaya da ƙafafunsu har masu mulki suka ji tsoron ƙuri'a, an soke. Inda aka yi shiru, an ƙara.

Wannan labari bai yi nisa da mu ba. A ƙarshen 2003 Shugaba Obasanjo ya sa aka rushe shingayen karɓar kuɗi na hanyoyin Tarayya a Nijeriya. A Fabrairu 2025 aka komo da su a hanyar Abuja zuwa Keffi, Akwanga, Lafiya da Makurɗi, ƙaramar mota naira 500, kuma da kati a ke biya. Dalilin da aka bayar shi ne a biya bashin da aka ciwo daga bankin ƙasar Sin don gina hanyar. Daidai abin da aka faɗa wa mutanen Kent da Essex ke nan. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ga abin da mu ke nema a duk inda za a sa kuɗi a kan gada ko hanya. Na ɗaya, a rubuta ranar ƙarewa a cikin doka, a kuma hana a sake wa kuɗin suna bayan ranar. Na biyu, kowace shekara a buga abin da aka tara da abin da ya rage na bashi, dabam da abin da aka samu ta hanyar tara, kowa ya gani. Na uku, a bar wuri ko da ɗaya ne inda mutum zai tsaya ya biya da hannunsa. Na huɗu, a aika wa mutum takardar bashi tukuna kafin takardar tara, tarar kuma ta yi daidai da girman laifi.

Kafin a samu haka, duk wanda tafiya ta kai shi Dartford ya biya tun kafin ya hau, ko kuwa da saukarsa, a shafin Gwamnatin Ingila kaɗai, ya kuma adana shaidar biya. Mai motar haya ya tambayi masu motar tun a wurin ɗauka ko wa ke biya. Sauran jama'a kuwa, ran da aka zo muku da zancen harajin ɗan lokaci, ku tambayi rana da wata da shekarar ƙarewarsa, ku ce a rubuta, sa'an nan ku riƙe takardar da kyau.