Sharhi: Hutun Hunturu a Tsaunukan Turai da Kasuwar da Bauchi Ke Bari Tana Wucewa

Da zarar watan Disamba ya kama, safiya a unguwar Yelwa da ke kan hanyar Dass a birnin Bauchi takan sauya kama. Hazo ya lulluɓe duwatsu, masu Keke Napep sun naɗe fuska da rawani, teburin mai shayi ya cika, 'yan gwanjo kuma sun baje rigunan sanyi a bakin titi. Ga mafi yawan mazauna unguwar, hunturu lokaci ne da ake jurewa har ya wuce.

A daidai wannan lokaci, a tsaunukan Alps da suka ratsa Faransa da Suwizalan da Italiya da Austiriya, sanyin da ya fi na Bauchi tsanani nesa ba kusa ba shi ne hajar da ake sayarwa. Miliyoyin mutane ke biyan kuɗi don su je su kwana a cikinsa, su yi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara.

Ba haka abin ya faro ba. Har tsakiyar ƙarni na 19, ƙauyukan waɗannan tsaunuka na makiyaya ne masu fama da talauci, waɗanda samarinsu kan tafi cirani idan ƙanƙara ta rufe hanya. Ana ba da labarin cewa a shekarar 1864 wani mai otel a garin St. Moritz na Suwizalan, Johannes Badrutt, ya yi wa baƙinsa 'yan Ingila tayin su dawo da hunturu, idan ba su ji daɗi ba shi zai biya kuɗin tafiyarsu. Suka dawo, suka zauna har ƙanƙara ta fara narkewa. Garin ya zo ya karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta lokacin sanyi har sau biyu, a 1928 da 1948.

Val Thorens da ke Faransa kuwa babu ma gari a wurin kafin a yanke shawarar gina shi. An buɗe shi a 1971 a tsayin mita 2,300, kuma shi ne wurin wasan zamiya mafi tsayi a nahiyar Turai. Sai da aka fasa dutse aka kai hanya, aka ja wutar lantarki da ruwa, aka kafa kekunan igiya masu hawa da mutane kan tsauni, sannan baƙi suka fara zuwa. A yau kakarsa kan fara daga ƙarshen Nuwamba ta kai farkon Mayu.

Irin wannan hutu bai taɓa zama na talakan Najeriya ba, amma a da ma'aikaci mai rufin asiri ko ɗan kasuwa kan iya yin tanadi ya fita waje da iyalinsa sau ɗaya a shekara. Tun da gwamnatin tarayya ta saki darajar Naira ga kasuwa a watan Yunin 2023, lissafin ya rushe. Dalar da ake canzawa a kan kimanin Naira 460 a hukumance ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. A watan Yunin shekarar ne kuma kuɗin neman bizar shiga ƙasashen Turai na yankin Schengen ya tashi zuwa Yuro 90, kuɗin da ba a mayarwa ko da an hana mutum bizar. Tikitin hawa kekunan igiya na yini guda a yankin da Val Thorens yake ya wuce Yuro 70, wato ya zarce mafi ƙarancin albashin wata na Naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024. Ba a yi maganar jirgi da masauki da abinci ba tukuna.

Wannan tsada ta haifar da wata kasuwa a cikin gida. Iyalan da suka fasa fita waje ba su fasa son hutu ba, wuri kawai suke nema. Legas ta gane haka, ta mayar da watan Disamba kakar bukukuwa da ke cika otel-otel ɗinta. Arewa kuwa, wadda ta fi kowa sanyin hunturu da filin shaƙatawa, har yanzu kallo take yi.

Najeriya ba ta da dusar ƙanƙara, amma tana da tuddai. Tsaunin Mambilla a Jihar Taraba yana kan kimanin mita 1,600, ga gonakin shayi, ga sanyin da ke sa baƙo neman bargo da rana tsaka. A wannan yanki ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsayi a ƙasar, mai mita 2,419. Obudu a Jihar Kuros Riba ya samu keken igiya a 2005 zamanin Gwamna Donald Duke, ya yi tashe na wasu shekaru, daga baya rashin kulawa ya durƙusar da shi. Jos ma, da ba ta kai tafiyar awa uku daga Yelwa ba, sanyinta ne ya fara jawo mata baƙi kafin rikice-rikice su rage mata su.

Abin da Bauchi ke da shi ya sha bamban, kuma ta wata fuskar ya fi dacewa da ɗan Arewa, wanda ba ƙarin sanyi yake nema a watan Janairu ba. Gandun dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri yana da faɗin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. A tsakiyarsa maɓuɓɓugar Wikki take, wadda ruwanta ke kan ɗumin digiri 31 dare da rana, rani da damina. Mutum ya fito daga jaurar asuba ya shiga ruwan ɗumi garai-garai a ƙarƙashin inuwar itatuwa. A Turai irin wannan wanka kuɗi mai yawa ake biya a kansa.

Kakar Yankari ma hunturu ce. Idan ciyawa ta bushe, tafkuna suka ƙafe, giwaye da ɓauna da gwanki sukan gangaro bakin kogin Gaji neman ruwa, a nan ne mai ziyara ke samun ganinsu. Da damina daji ya yi duhu, sai a wuni ana zagaye ba a ga komai ba in ban da birai da gaduna. Ke nan hutun ƙarshen shekara na makarantu da bukukuwan Kirsimeti da na sabuwar shekara sun faɗo daidai lokacin da gandun ya fi kyau. Jihar tana kuma da gandun Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka kawo raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya a 2006, ga kabarin Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin gari, ga duwatsun Mbula a Dass.

Yelwa ta fi kowace unguwa a Bauchi sanin ma'anar cin abinci da baƙo. Tattalin arzikinta ya rataya ne a kan ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji da na Kwalejin Aikin Gona. Masu ɗakunan haya da masu gidajen abinci da masu shagunan buga takardu sun ɗanɗana kuɗarsu a 2022, lokacin da yajin aikin malaman jami'o'i ya ɗauki wata takwas. Duk hutun ƙarshen shekara ma ciniki kan ja baya idan ɗalibai suka tafi gida. Baƙon da zai zo Yankari a wannan tsakani, idan ya kwana ɗaya a cikin gari ya ci tsire ya sayi tsaraba, giɓin da ɗalibi ya bari yake cikewa. Matasan da ke kammala karatun kula da baƙi da yawon buɗe ido a makarantun jihar kuwa, yawancinsu Abuja da Legas suke nufa, domin aikin da suka koya bai wadata a gida ba.

Abubuwan da ke tare hanya sanannu ne. Na farko tsaro: hare-haren 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Alkaleri a 'yan shekarun nan sun isa su sa magidanci a Kano ko Kaduna ya fasa ɗauko iyalinsa, ko da kuwa sansanin Wikki lafiya lau yake. Labari ɗaya mara daɗi kan shafe tallan shekara guda. Sai zirga-zirgar jiragen sama zuwa filin jirgin Bauchi, wadda ba ta da yawan da mai shirya hutu zai dogara da ita. Sai uwa uba gyara da kulawa. Gwamnatoci sun fi son ƙaddamar da sabon gini a kan biyan kuɗin gyaran famfo da janareta, alhali baƙo da famfon yake auna wuri. A matakin tarayya ma, ma'aikatar yawon buɗe ido da aka kafa a 2023 ba ta wuce wata goma sha huɗu ba aka haɗe ta da ta al'adu a Oktoban 2024.

Akwai kuma wani darasi daga Alps da ya fi na kuɗi nauyi. Jarin nasu narkewa yake yi. A shekarun 2022 da 2023 kaɗai, daskararriyar ƙanƙarar da ta shekara dubbai a tsaunukan Suwizalan ta ragu da kashi 10 cikin 100. Wuraren wasan da ke ƙasa-ƙasa sun fara rufewa, wasu kuma da injin suke ƙera dusar, abin da ke cin ruwa da lantarki masu yawa. Shi ya sa baƙi ke tururuwa zuwa wurare masu tsayi irin Val Thorens, farashi kuma yana ƙara hawa.

Jarin Yankari shi ma yana iya ƙarewa. Giwayen da suka rage ana ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150, kuma suna cikin garke mafi girma da ya saura a Najeriya. Zakuna sun zama 'yan ƙalilan. Haɗin gwiwar da gwamnatin jihar ta ƙulla da ƙungiyar kare namun daji ta WCS a 2014 ya rage kashe giwaye don haurensu, amma shigar da dabbobi kiwo cikin gandun da farautar nama ba su tsaya ba, manoman da ke kewaye kuma na kokawa da giwayen da ke cinye musu amfanin gona. Albashin masu gadin daji da kayan sintirinsu da diyyar waɗannan manoma, su ne a Yankari suke daidai da hanya da lantarkin da Faransa ta kai Val Thorens kafin baƙon farko ya iso, kuma a kasafin kuɗin jihar ne ake ganin ko an ware musu wani abu.