Ra'ayi: Kafso ɗaya na aidin nukiliya, fasahar da masu ciwon tayirod suka fi buƙata

Duk wanda ya sayi agogon hannu na zamani, Apple Watch ne ko Galaxy Watch ko irin na Oraimo da Xiaomi da suka cika kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ya san ɗan koren hasken nan da ke ƙyaftawa a bayansa. Hasken yana shiga fata, ya bi yadda jini ke kai-kawo, ya ƙirga bugun zuciya. Ga babban mutum mai lafiya da ke zaune yana hutawa, lambar takan tsaya tsakanin 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Idan agogo ya kwashe makonni yana nuna 110 ko 120, har cikin barci, ga rama duk da cin abinci, ga rawar hannu, ga zufa ko da hunturu, to mai yiwuwa ne matsalar tana wuya: tayirod ce ta wuce gona da iri.

A shekarar 2018 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka ɗaura wa masu wannan ciwo agogon Fitbit, suka ga cewa bugun zuciyar da agogon ke aunawa yana sauka daidai da yadda magani ke sauke sinadarin tayirod a jini. Wannan ci gaba ne. Sai dai aikin agogo ya ƙare a faɗakarwa. Fasahar da ke kawo ƙarshen ciwon ta girmi agogon da sama da shekara 70, kuma ita ce har yau ba ta wadata ba a Arewacin Najeriya da Jamhuriyar Nijar. Ya kamata masu bibiyar harkokin fasaha su damu da ita kamar yadda suke damuwa da 5G da farashin data.

Abin da ke faruwa a wuya

Tayirod wata 'yar tsoka ce mai siffar malam-buɗe-littafi da ke gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro. Tana tsotsar sinadarin aidin daga jini, irin wanda ake sa wa gishiri, ta haɗa sinadaran da ke tsara saurin aikin jiki. Kamar totur take ga mota. Idan ta yi yawan aiki, komai na jiki sai ya kama gudu: zuciya, hanji, zufa, har da tunani.

Babban abin da ke jawo haka shi ne cutar Graves, inda garkuwar jiki ke tunzura tayirod ta yi ta aiki ba hutu. Ta fi kama mata nesa ba kusa ba, galibi a shekarun haihuwa, kuma wani lokaci takan turo ido waje. Dalili na biyu shi ne maƙoƙo mai ƙulalai, wanda ya daɗe a wuya har wasu ƙulalan suka fara zuba sinadari a kan gaban kansu.

Alamomin suna da ruɗi. Mai zafin jiki da kasala sai a ce maleriya ce ko taifod. Mai faɗuwar gaba da rashin barci sai a ce damuwa ce, ko a kai ta wajen ruƙiyya. Mai rama kuwa har zargin wata cutar ake yi mata a unguwa. Alhali gwajin jini ɗaya, wanda ake kira TSH, tare da awon T4, ya isa ya warware zancen. Idan aka bar ciwon haka, yakan rikita bugun zuciya har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, ya raunana zuciya, ya cinye ƙashi, ya jawo ɓari. Akwai kuma mummunan tashinsa na farat ɗaya, mai zuwa da zazzaɓi da gigita, wanda ke kisa.

Ƙwaya tana aiki, amma tana da iyaka

Matakin farko a yawancin asibitoci shi ne ƙwaya. Carbimazole, ko ɗan'uwansa methimazole, yana hana tayirod haɗa sinadari. Propylthiouracil shi aka fi ba mai ciki a watanni ukun farko. Propranolol kuma yana kwantar da zuciya da rawar hannu kafin sauran su kama aiki, domin sukan ɗauki makonni huɗu zuwa shida.

Babu mai raina waɗannan magunguna. Suna da sauƙin samu, ba sa lalata tayirod, kuma ga mai cutar Graves da ba ta yi tsanani ba, suna iya zama ƙarshen magana. Amma akwai lissafin da ba a cika yi wa majinyaci dalla-dalla ba. Ana shan ƙwayar ne wata 12 zuwa 18, tare da gwajin jini a kai a kai. Bayan an tsaya, kusan rabin masu cutar Graves ciwon yakan dawo musu. Masu maƙoƙo mai ƙulalai kuwa, ƙwaya ba ta warkar da su sam. Tana danne ciwon ne kawai, da zarar an ajiye ta sai ya tashi.

Sannan ga haɗarin da ba kasafai yake faruwa ba amma yana da muni: ƙwayar takan karya fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Shi ya sa ake gargaɗin duk mai shan ta cewa idan ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ya dakatar da ita, ya je a gwada jininsa a ranar. A ƙasar da kowane zazzaɓi ake fara kai shi kemis a matsayin maleriya, wannan gargaɗi yana da sauƙin ɓacewa. Matar da ta shekara biyar tana shan carbimazole, yau akwai kuɗi gobe babu, ba tare da gwaji ba, tana cikin haɗarin da ya fi wanda take gudu a wajen aidin nukiliya.

Yadda kafson ke aiki

A 1938 Glenn Seaborg da John Livingood suka samar da aidin-131 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A 1941 wani likita a birnin Boston mai suna Saul Hertz ya fara ba masu wannan ciwo aidin mai fitar da tururin nukiliya. Dabarar tana da sauƙin fahimta. Tunda tayirod ce babbar mai tara aidin a jiki, kuma mai ciwo ta fi kowa haɗama, ba sai an nemo ta da wuƙa ba. Majinyaci zai haɗiye kafso ɗaya ko ya sha ɗan ruwan magani, jini ya kai aidin wuya, tayirod ta kwashe shi da kanta. Tururin da ke yin aikin ba ya wuce milimita biyu a cikin nama, don haka ɓarnarsa tana tsayawa a inda ake so. Ragowar aidin da ba a tsotse ba yana fita ta fitsari cikin 'yan kwanaki.

Babu fiɗa, babu allurar barci, kuma a adadin da ake bayarwa don wannan ciwo galibi mutum yana komawa gida a ranar. Cikin wata biyu zuwa shida tayirod takan lafa. Mafi yawan mutane sau ɗaya ya ishe su.

Gaskiyar da ba ta da daɗin ji ita ce yawancin waɗanda aka yi wa wannan magani tayirod ɗinsu takan koma ba ta aiki yadda ya kamata, sai sun riƙa shan levothyroxine kullum har ƙarshen rayuwa. Masu suka suna cewa an musanya ciwo da ciwo ke nan. Maganarsu tana da kamshin gaskiya, amma ciwukan biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Levothyroxine madadin sinadarin da jiki ke yi ne, ƙwaya ɗaya da safe, mai ciki ma tana shan ta, kuma da zarar an daidaita adadin, gwaji sau ɗaya a shekara kan wadatar. Shi ya sa a 2019 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da shawarar a fara gabatar da aidin nukiliya ga manyan da ke da cutar Graves, sai fa in ana ganin ƙwaya za ta iya warkar da su ko akwai dalilin da ya hana.

Dalilan da ke hanawa kuwa na gaske ne. Ba a ba mai ciki, ba a ba mai shayarwa. Mace za ta jinkirta ɗaukar ciki aƙalla wata shida, namiji ma zai dakata na wasu watanni. Wanda cutar ta taɓa wa ido sosai, maganin na iya ƙara masa, musamman mai shan taba. Mai ƙaton maƙoƙo da ke danne numfashi kuma fiɗa ta fi dacewa da shi.

Tsoron kalmar nukiliya

Da an ambaci nukiliya, abin da ke zuwa wa mutane shi ne Hiroshima da Chernobyl. Tsoron yana da tushe, domin aidin-131 ɗin nan ne, bayan hatsarin 1986, ya shiga madara ya jawo kansar tayirod ga dubban yara a Yukren da Belarus da Rasha. Amma can yara ne ƙanana, masu tayirod da ke girma, suka sha ba tare da awo ba. A asibiti kuwa likita ne ke auna adadin da zai kashe ƙwayoyin halittar da suka yi tawaye, a jikin babban mutum. Bayan sama da shekara 80 ana amfani da shi, abin da bincike ya nuna shi ne idan ma akwai ƙarin haɗarin kansa, ƙarami ne, kuma bai kai haɗarin barin zuciya tana gudu shekara da shekaru ba.

Shugaban Amurka George H. W. Bush ya sha wannan magani a 1991 yana kan mulki, bayan bugun zuciyarsa ya rikice yana motsa jiki. Ya rayu har 2018. 'Yar tseren Amurka Gail Devers ta sha shi saboda cutar Graves, sannan ta ci zinare a gudun mita 100 a gasar Olamfik ta 1992, ta sake ci a 1996.

Abin da ya fi cancantar a tattauna a nan shi ne zaman gida. Bayan shan kafson ana so mutum ya kwana shi kaɗai na wasu kwanaki, ya nisanci yara da masu ciki, ya ware kwanonsa da kofinsa, ya kora ruwa sosai a banɗaki. An rubuta waɗannan ƙa'idoji ne don gidan da kowa ke da ɗakinsa. Uwa mai goyo da ke ɗaki ɗaya da 'ya'ya huɗu, a gidan haya mai banɗaki ɗaya, tana buƙatar bayani da Hausa da kuma shiri tun kafin ranar, ko da ya kama ta tare a gidan 'yar'uwa na mako guda.

Matsalar kwana takwas

Babban cikas ɗin yana cikin ɗabi'ar sinadarin kansa. Ƙarfin aidin-131 yana raguwa da rabi duk kwana takwas. Bayan kwana 16 saura rubu'i. Wannan alheri ne ga majinyaci, domin maganin yana ƙarewa a jikinsa da kansa. Ga mai shigo da shi kuwa, kamar dakon ƙanƙara ne a watan Afrilu. Kwana huɗu kacal na jinkiri a filin jirgi ko a teburin kwastam suna cinye kusan kashi 30 cikin ɗari na abin da aka biya da dala. Ba a tara shi a sito. Dole a haɗa majinyata, a yi oda, a sa rana, jirgi ya sauka a kan lokaci.

Najeriya shigo da shi take yi. Afirka ta Kudu tana sarrafa shi a tukunyar nukiliyarta ta SAFARI-1 da ke Pelindaba, har tana sayar wa duniya. Tukunyar binciken da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30, ƙarama ce, an yi ta ne don koyarwa da gwaje-gwaje. Cibiyoyin gwamnati da suka daɗe suna wannan jinya su ne Asibitin Koyarwa na Ibadan da Asibitin Ƙasa na Abuja. Daga Maiduguri zuwa Abuja sama da kilomita 800 ne, kuma ba zuwa ɗaya ake yi ba. A Nijar, ƙasar da ta kwashe sama da shekara 50 tana haƙo yuraniyom a Arlit, mai neman wannan magani Yamai zai dosa, inda Cibiyar Radiyo-Isotof ta Jami'ar Abdou Moumouni take.

Abin da ya kamata a yi

Jinyar tayirod da aidin ba ta buƙatar na'urorin biliyoyin naira irin na gashin kansa. Tana buƙatar ɗaki mai kariyar dalma, na'urar auna ƙarfin kafso, na'urar gano tururi, likita da masanin kimiyyar lissafin tururi da aka horar, da lasisin Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya. Manyan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri sun isa su riƙe irin wannan sashe, kowanne yana aiki a tsayayyar rana duk wata. Kwastam da hukumomin filayen jirgi su ba waɗannan akwatuna hanya ta musamman kamar yadda ake yi wa allurar rigakafi. Inshorar lafiya ta ɗauki nauyin gwajin TSH da kafson.

Matasan da ke rubuta manhajoji ma suna da rawar takawa. Rajistar majinyata da za ta haɗa asibitoci da dama a oda ɗaya, saƙon tunatarwa da Hausa kan ranar gwaji da alamomin haɗari, da ganawa da likita ta bidiyo bayan an sha magani, duk ayyuka ne da ba su fi ƙarfin masu fasahar Kano da Kaduna ba.

Kafin a kai can, wanda agogonsa ke nuna zuciyarsa na gudu ba dalili, ya je a gwada masa TSH. Wanda ya wuce wata 18 yana shan ƙwaya kuma ciwon yana dawowa, yana da haƙƙin ya tambayi likitansa ko lokacin aidin nukiliya ko fiɗa ya yi, kuma a ina zai same su.