Kwanciyar Zogi Ba Warkewa Ba Ce

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, duk wanda ya je hutu Gagarawa, ko ya leƙa kasuwar Maigatari ran Alhamis, ya ga masu tallar magani da faranti a ka. Manomi ya zo da ciwon haƙori ko maruru, sai a ƙulla masa haɗi: kafso biyu na amoksisilin, da farasitamol, da ibufurofen. Ya sha, zogi ya kwanta, ya koma gona yana sa wa mai talla albarka. Ni kuwa na ce an cuce shi.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Shan farasitamol tare da amoksisilin ba laifi ba ne, likitoci ma kan rubuta su tare, muddin babba bai wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a kwana guda ba. Amma aikinsu dabam ne. Farasitamol zogi da zazzaɓi yake kwantarwa cikin sa'a guda, shi kuwa kafso kwanaki yake bukata kafin ya kashe ƙwayoyin cuta. Wanda ya ji sauƙi ya tsaya a kafso biyu, ya kashe maciji bai sare kansa ba. Ƙwayoyin da suka tsira su ne za su hayayyafa, har a wayi gari maganin ba ya cin su. Tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi wannan gargaɗi. A 2019 kuwa irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe kimanin mutum miliyan 1.27 a duniya.

Ibufurofen ma ba abin wasa ba ne. Yana tayar da gyambon ciki, yana kuma wahalar da ƙodar mutumin da ya wuni a rana bai sha ruwa ba. In ya gamu da kafso irin sifurofuloksasin, yana iya jawo farfaɗiya. Shin mai faranti ya san wannan?

Tallar magani haramun ce a dokar ƙasa, ga kuma hukumar NAFDAC tun 1993. To, ina amfanin dokar da ba ta isa ƙauye? Amma mu 'yan boko laifinmu ya fi, don mu ma da haɗin nan muke kwana lokacin jarrabawa. In mun koma gida, mu raka iyayenmu asibitin Gumel ko ɗakin shan magani mafi kusa, mu tsaya a kansu su sha magani yadda ma'aikacin lafiya ya rubuta. In ba mu yi ba, wa zai yi?