Ƙungiyar koyar da girki: wa zai shiga, wa zai riƙe ragama?

A Japan, gwamnati ta yi doka a 2005 kan ilimin cin abinci, abin da suke kira shokuiku. Amma tun kafin dokar akwai wata ƙungiya ta ƴan sa kai masu shiga unguwanni suna koya wa iyaye da yara girki mai gina jiki. Sukan bi gida-gida da ƴar na'ura suna auna gishirin da ke cikin miya, saboda hawan jini. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙa'idar shigarta.

Ba a zama mamba don an san wani. Ma'aikatar magajin gari ce ke buɗe horo, a garuruwa da dama na kamar awa 20, kan abinci, tsabta da lafiya. Wanda ya kammala shi ke da damar shiga, in ya ga dama. Hukuma ta ba da horo da ɗakin girki, membobi kuma su ke tafiyar da ƙungiyarsu, daga reshen gari har zuwa na ƙasa. Albashi babu.

Ni a ganina wannan rabon aiki shi ne daidai. Duk ƙungiyar da hukuma ke tallafa wa, in aka bar mata naɗa shugabanni, za ta cika da dangin masu mulki, ranar da mulki ya canza hannu kuma tukunya ta huce. In ƙofar shiga horo ce, matar da ba ta da kowa a sama tana iya shiga, matar babban mutum kuma dole ta zauna a benci ta yi awanninta.

Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan tsari. A jihar Tawa ne, daga 2004, wani shiri da Japan ta tallafa ya fara gwada zaɓen kwamitocin makaranta, wato COGES, ta ƙuri'ar asiri maimakon ɗaga hannu a gaban mai gari. Malaman da suka ga lokacin sun san bambancin. To me zai hana makarantun da ke da kantin su sami irin wannan ƙungiya, wadda za ta san abin da ke shiga tukunyar yara, ta koya musu darajar zogale da wake da gero, ta rage yawan dunƙulen da ake watsawa a miya?

Abu biyu dai sai mun yi hattara da su. Ƙungiyar Japan ta daɗe tana ta mata zalla, sai a 2012 aka buɗe wa maza ƙofa. Mu kada mu jira haka. A gidajenmu da yawa maigida ne ke cefane. In bai zauna a horon ba, uwargida za ta koyi abin da ba za a sayo mata ba.

Na biyu, aikin kyauta. Can ma membobin suna ta tsufa, matasa ba sa shigowa kamar da. Balle a nan, inda uwa za ta bar daka, ɗiban ruwa da ƴar sana'arta. Ina goyon bayan a rubuta ɗan alawus cikin dokar ƙungiya tun farko, a faɗi adadinsa a taron iyaye, kuma ma'aji ya karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a ƙarshen kowane zangon karatu.