Robar hannun babur: mai mashin ne zai saya ko mai tuƙi?

Maganarmu ta yau a kan ƙaramin abu ce, wato robar nan da ɗan acaba yake riƙewa a kan babur, hagu da dama. Duk wanda ya tsaya inda yaranmu suke jiran fasinja ya duba hannun mashinansu zai ga abin da muke faɗa. Wata ta yi sumul kamar kwalba, wata ta tsage an naɗe ta da salatif, wata kuma tsohon tif aka yanko aka ɗaura. A jikin mashin ɗin kuwa ga sitika, ga fitilu masu launi, ga hon mai kukan tirela.

A da ana iya kawar da kai, amma hanyar da ake bi yanzu ta canja. Tun 2012, zamanin Gwamna Fashola, doka ta hana acaba hawa tituna 475 a Legas. Ranar 1 ga Yuni 2022 Gwamna Sanwo-Olu ya haramta sana'ar baki ɗaya a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, a Satumba kuma aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Agege ba ta cikin jerin, sai dai manyan titunanta ba na acaba ba ne. Don haka yaranmu suka koma lunguna, suka nausa Ayobo da Agbado har bakin iyakar Ogun, inda kwalta take ƙarewa laka ta karɓa. Bajaj Boxer ba babur ɗin tseren daji ba ne, amma aikin da yake yi ke nan a damina, kuma da mutum biyu a kai.

A irin wannan hanya hannu ne yake riƙe da rai. Robar dama a kan bututun totur take zaune. In ta saki, sai ka murɗa ta juya ita kaɗai mashin bai amsa ba, ko ka sassauta bai sassauta ba. In kuma an cusa ta har ta manne da gidan totur, totur ya maƙale, ba ya komawa da kansa. Ku ƙaddara wannan ya faru a gangara mai santsi, da mace mai goyo a baya. Ban da haka, robar da ta mutu ba ta shanye girgizar inji, shi ya sa wasu suke tashi aiki yatsunsu sun yi sanyi kamar ba nasu ba.

Canjin ba aikin yini ba ne. A tsaga tsohuwar da reza a cire, a goge ƙarfen tas ya bushe. A lura biyun ba ɗaya ba ne: ƙarfen hagu kaurinsa milimita 22 ne a yawancin baburanmu, ta dama kuma bakinta ya fi faɗi saboda bututun totur. A shafa gam kaɗan, a tura, a bar 'yar tazara a gefen totur. Abin da muke roƙon bakanikenmu su daina shi ne shafa baƙin mai ko giris don roba ta shige da sauri. Tana shigewa kam, amma haka za ta fito ranar da ruwa ya shiga ƙarƙashinta. Masu tseren daji har siririyar waya suke ɗaura mata su lanƙwasa bakin ciki, kuma ba mu ga abin da zai hana mai bin Ayobo yin haka ba. Gam yana son ya kwana. Da safe, kafin a tayar da inji, a murɗa totur a saki, a karkata kan mashin hagu da dama a sake gwadawa. In bai koma da kansa ba, kada a fita.

To wa zai biya? Nan ne ake jan ƙafa. Mai tuƙi ya ce mashin ba nasa ba ne, balas yake kaiwa kullum, ga mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Mai mashin ya ce gobe jami'an gwamnati za su iya kama shi a murƙushe, me zai sa ya zuba kuɗi? Mun ji dukkansu, amma ra'ayinmu mai mashin ne zai saya. Shi yake sayen taya in ta ƙare, roba ma kayan jikin mashin ce, kuma da wuya kuɗinta ya kai balas ɗin kwana ɗaya. In aka yi hatsari shi ne zai yi ta zarya ofishin 'yan sanda, mu kuma a taso mu tsakar dare neman kuɗin asibiti. Wanda ya karɓi mashin a kan biya kaɗan-kaɗan har ya zama nasa, wannan kuwa shi zai saya, ba gardama.

Muna kira ga shugabannin tashoshi, yadda kuke duba tikiti da safe, ku riƙa kama hannun mashin ku murɗa. Wanda tasa ta juya, ya je ya canja kafin ya shiga layi. Masu ba da mashin kuma ku sa maganar roba da birki cikin takardar yarjejeniya tun ranar da za ku miƙa makulli.